Kwal, mai, iskar gas ko nukiliya: wanne ya dace a dogara da shi wajen samar da lantarki?

Muhawara a kan tashoshin wutar lantarki takan raba mutane gida biyu tun kafin a zauna a duba lissafi. Wasu da zarar sun ji kalmar nukiliya sai haɗarin tashoshin Chernobyl ta Yukren da Fukushima ta Japan ya faɗo musu a rai, wasu kuma da sun hango hayaƙin kwal yana tashi daga dogon bututu sai su tuna ɗumamar duniya da cututtukan huhu. Tsakaninsu akwai mutum na uku, wanda shi aka yi wa wannan rubutu: mai tsara manufofi, ko ɗan majalisa, ko mai kaɗa ƙuri'a, wanda ya san ƙasarsa tana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa dare da rana, kuma ya rasa inda zai sa gabansa. Hasken rana da ƙarfin iska sun yi arha ƙwarai cikin shekarun baya, kuma duk tsari mai ma'ana zai ba su kaso mai tsoka, amma har yanzu yawancin ƙasashe suna neman wata tasha da za ta tsaya musu idan rana ta faɗi kuma iska ta lafa. A yau kwal ne ke samar da kimanin kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya, iskar gas fiye da kashi ɗaya cikin biyar, nukiliya kuma kusan kashi ɗaya cikin goma, daga tukwanen nukiliya, wato na'urorin da ke samar da zafi a tashar nukiliya, wajen 440 a ƙasashe fiye da 30.

Ma'aunan da za a yi aiki da su

Kuɗi shi ne na farko, kuma kashi biyu ne waɗanda bai kamata a cakuɗa su ba: kuɗin gina tasha, wanda ake biya tun kafin ta ba da wuta ko ta kwan fitila ɗaya, da kuɗin makamashin da za ta riƙa ci kullum har ƙarshen rayuwarta. Sai lokacin da gini ke ɗauka da sauƙin gudanarwa, sai ƙarko, wato shekarun da tasha za ta yi tana aiki. Ta fuskar muhalli akwai abubuwa uku: hayaƙin da ke ɗumama duniya, illa ga lafiyar mutane (ta yau da kullum da ta haɗari), da sharar da ake bari a ƙasa da ruwa.

Akwai sharaɗi ɗaya da idan ba a kiyaye shi ba kwatancen zai zama zalunci: dole a auna kowace illa da adadin wutar da aka samu. Shi ya sa masana suke lissafa hayaƙi da giram a kan kowace kilowat-awa, mutuwa kuma a kan kowace terawat-awa, wato kilowat-awa biliyan ɗaya.

Kwal

Abin da ya sa kwal ya mamaye duniya a bayyane yake. Yana da yawa a ƙarƙashin ƙasa a Sin da Indiya da Amurka da Indonesiya da Ostireliya da Rasha, ana iya tara shi tsibi a filin tasha na watanni ba tare da wata ma'ajiya ta musamman ba, fasaharsa tsohuwa ce wadda injiniyoyi suka laƙanta, kuma tasharsa takan yi shekara 40 zuwa 50 tana aiki. Ga ƙasar da take da mahaƙar kwal a gida, kuɗin makamashi ba ya fita waje, ga kuma dubban guraben aiki.

Sai dai a kowane ma'aunin muhalli kwal ne na ƙarshe, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2014 cewa kowace kilowat-awa ta kwal tana fitar da kimanin giram 820 na iskar kabon mai ɗumama duniya, idan aka haɗa tun daga haƙa har zuwa ƙonawa. Tasha mai ƙarfin megawat 1,000 tana ƙona tan miliyan 2 zuwa 3 na kwal a shekara, kuma tare da kabon ɗin akwai iskar sulfa da ke haddasa ruwan sama mai guba, da sinadarin makuri da ke taruwa a jikin kifi, da ƙura mai laushi ƙwarai wadda take ratsa huhu ta shiga jini. Wannan ƙura ita ce mai kisan mummuƙe. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan na kwana biyar, aka fara ƙirga mamata kimanin 4,000, binciken baya kuma ya kai adadin wajen 12,000, abin da ya sa Birtaniya ta kafa dokar tsaftace iska a 1956. Irin wannan hazo mai kisa a fili ya ragu, amma mutuwar ba ta tsaya ba, ta dai watsu ne cikin asibitoci da sunan ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da asma, inda ba mai danganta ta da bututun tasha. Ƙididdigar da aka fi ambata tana ɗora wa kwal mutuwar mutum kimanin 25 a kan kowace terawat-awa.

Haƙar ma tana da nata mamatan. A Soma ta Turkiyya mahaƙa 301 suka mutu a 2014, a ƙauyen Aberfan na Wales kuma tsibin ɓaraguzan mahaƙa ya zaftare a kan makaranta a 1966 ya kashe mutum 144, 116 daga cikinsu yara. Toka ita ce sharar da ba a cika maganarta ba, alhali tana ɗauke da ƙarafa masu guba waɗanda, saɓanin sharar nukiliya, gubarsu ba ta raguwa da daɗewa. A 2008 madatsar tafkin toka ta fashe a Kingston da ke jihar Tennessee ta Amurka, galan fiye da biliyan ɗaya na laka ya malale cikin koguna da gonaki.

Ana iya sa na'urorin wanke hayaƙi da ke cire fiye da kashi 90 cikin 100 na sulfa, kuma duk wanda ya gina tashar kwal ba tare da su ba ya yi wa maƙwabtanta laifi. Amma ba sa taɓa kabon. Fasahar kama kabon a binne shi an gwada ta a Boundary Dam ta Kanada tun 2014 da Petra Nova ta Texas tun 2017, ta nuna tana yiwuwa, ta kuma nuna tana da tsada kuma tana cinye wani kaso na wutar tashar kanta. Birtaniya, wadda a can aka fara juyin masana'antu da kwal, ta rufe tasharta ta ƙarshe a Satumbar 2024.

Mai

Ba sai an daɗe a kan mai ba, domin a harkar lantarki matsayinsa ƙarami ne. Injinan dizal da na baƙin mai suna da arhar saye, ana kafa su cikin watanni, suna tashi nan take, shi ya sa tsibirai da wurare masu nisa da asibitoci suke riƙe da su. Amma makamashinsu ya fi kowanne tsada, hayaƙinsu ya kusa na kwal, kuma haƙar mai da jigilarsa sun bar tabo kamar malalar jirgin Exxon Valdez a Alaska a 1989 da fashewar dandamalin Deepwater Horizon a 2010, wadda ta kashe ma'aikata 11 ta zubar da miliyoyin gangunan ɗanyen mai a Tekun Meziko. Ƙasar da take ƙona mai don wutar yau da kullum galibi ba zaɓa ta yi ba, dole ce ta sa.

Iskar gas

Idan sauri da arhar gini ake nema a manyan tashoshi, gas ba shi da abokin karawa. Tasharsa takan kammala cikin shekara 2 zuwa 3, kuma nau'in da ke amfani da zafin hayaƙin injin farko ya juya inji na biyu yana mayar da kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙarfin makamashi zuwa lantarki, alhali yawancin tashoshin kwal ba sa kai wa kashi 40. Ana iya ƙara masa wuta ko a rage cikin ɗan lokaci, wanda hakan ya sa ya dace da zama abokin hasken rana da iska. Ba ya barin toka, sulfarsa kaɗan ce ƙwarai, mutuwar da ake ɗora masa kimanin 3 ce a kan terawat-awa, kabon ɗinsa kuma wajen giram 490, wato ɗan fiye da rabin na kwal.

Matsalolinsa biyu ne, kuma dukansu masu tallata shi ba sa son a tsaya a kansu. Ta farko ita ce yoyo. Gas ɗin da ake ƙonawa galibinsa metan ne, kuma metan ɗin da ya kuɓuce daga rijiya ko bututu ba tare da an ƙone shi ba yana riƙe zafi fiye da kabon sau 80 a cikin shekara 20 na farko. Don haka fifikon gas a kan kwal ya rataya ne a kan yadda aka kula da bututu, kuma 'yan kaso kaɗan cikin 100 na yoyo sun isa su cinye babban ɓangare na ribar. Ta biyu ita ce farashi. Mafi yawan kuɗin wutar gas kuɗin gas ɗin ne da kansa, saboda haka duk girgizar kasuwar duniya tana isa kan takardar kuɗin wuta kai tsaye. Turai ta ɗanɗana wannan a 2022 bayan Rasha ta mamaye Yukren, lokacin da farashi ya ninninka, gwamnatoci suka zuba maƙudan kuɗi don tallafa wa gidaje da masana'antu, ƙasashe marasa ƙarfi a Asiya kuma suka rasa jiragen gas ɗin da suka saba saye domin masu hannu da shuni sun fi su tayi.

Akwai kuma abin da ake kira gada, wato cewa gas zai riƙe mu ne kawai kafin a kai ga makamashi mai tsafta. Tashar da aka gina yau za ta so ta yi shekara 30 tana aiki don ta mayar da jarinta, kuma mai jari ba zai yarda a rufe ta a shekara ta goma ba sai an biya shi.

Nukiliya

A nan ne tsoro da lissafi suka fi yin hannun riga. Tashar nukiliya ba ta ƙona komai, zafin da ke fitowa daga tsagewar ƙwayoyin yuraniyom ne yake tafasa ruwa ya juya inji, don haka kabon ɗinta na tsawon rayuwa, haɗe da haƙa da gini, kimanin giram 12 ne, daidai da na ƙarfin iska. Ɗan curin yuraniyom da bai wuce kan yatsa ba yana ba da ƙarfin da ya kai na tan ɗaya na kwal. Tashoshin Amurka suna aiki fiye da kashi 90 cikin 100 na sa'o'in shekara, an ba su lasisin shekara 40, an sabunta wa yawancinsu zuwa 60, wasu har 80. Faransa, wadda ta rungumi nukiliya gadan-gadan bayan rikicin man fetur na 1973, tana samun kimanin kashi biyu cikin uku na wutarta daga gare ta, kuma lantarkinta yana cikin mafi ƙarancin kabon a manyan ƙasashen Turai.

Haɗarin gaskiya ne, kuma bai kamata a rufe shi ba. A ranar 26 ga Afrilu 1986 tukunya ta huɗu a Chernobyl ta fashe sakamakon ƙira mai aibi da gwajin da aka gudanar ba bisa ƙa'ida ba, kimanin mutum 30 suka mutu cikin watannin farko, dubban yara suka kamu da sankarar thyroid, wata halitta da ke gaban maƙoshi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2005 cewa mutuwar za ta iya kai 4,000 a tsakanin waɗanda tururin nukiliya mai guba da ya fita daga tashar ya fi shafa. Har yanzu yankin da ke da nisan kilomita 30 daga tashar a killace yake. A Fukushima, ranar 11 ga Maris 2011, igiyar tsunami ta haura katanga ta kashe injinan sanyaya tukwane, uku suka narke, aka kwashe fiye da mutum 150,000. Abin lura shi ne mutum ɗaya ne gwamnatin Japan ta amince tururin ya yi sanadin mutuwarsa, amma fiye da 2,000, galibi tsofaffi da marasa lafiya, sun mutu saboda wahalar kwasar da zaman gudun hijira. Duk da an haɗa waɗannan, nukiliya tana tsayawa a kimanin 0.03 a kan terawat-awa, wato ƙasa da na kwal sau ɗaruruwa. A ganina Jamus, wadda ta yanke shawarar rufe tashoshinta bayan Fukushima ta kuma kashe ukun ƙarshe a Afrilun 2023 alhali tashoshin kwal ɗinta suna ci, gudun gara ta yi ta faɗa gidan zago.

Sharar nukiliya kaɗan ce a yawa, mai tsanani a haɗari, mai daɗewa fiye da tunani. Babbar tukunya tana fitar da tan 20 zuwa 30 a shekara, kuma duk abin da Amurka ta tara tun farkon harkar bai wuce kimanin tan 90,000 ba, yana ajiye a tafkuna da manyan gangunan ƙarfe da kankare. Sinadarin siziyom da ke cikin sharar yana rasa rabin ƙarfinsa cikin shekara 30, fulutoniyom kuwa sai ya yi 24,000. Finland ta haƙa ma'ajiyar Onkalo a cikin dutse, zurfin fiye da mita 400, Amurka kuwa ta zaɓi dutsen Yucca a 1987 amma siyasa ta tsayar da aikin. Tashar tana kuma shan ruwa da yawa don sanyaya, kamar ta kwal, har Faransa takan rage ƙarfin wasu tukwane idan koguna suka yi zafi.

Inda nukiliya take faɗuwa da gaske shi ne kuɗi da lokaci. Tukwane biyu na Vogtle a jihar Jojiya ta Amurka an yi musu kasafin kimanin dala biliyan 14, suka ci fiye da biliyan 30, suka makara da shekara 7. Olkiluoto ta uku a Finland an fara ta a 2005, ba ta shiga cikakken aiki ba sai 2023. Flamanville ta uku a Faransa an fara ta a 2007, aka haɗa ta da layin wuta a ƙarshen 2024, kuɗinta ya ninka wajen sau huɗu. Amma ba haka labarin yake ko'ina ba: kamfanin Koriya ta Kudu ya gina tukwane huɗu a Barakah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, an fara a 2012, ta ƙarshe ta shiga aiki a 2024, yanzu suna ba ƙasar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na wutarta. Bambancin shi ne ƙira ɗaya aka maimaita, da ma'aikatan da suka saba da ita. Ƙananan tukwanen da ake cewa za a riƙa ƙera su a masana'anta har yanzu alkawari ne fiye da kaya a kasuwa, kuma aikin irinsu na kamfanin NuScale a jihar Idaho ta Amurka an soke shi a 2023 bayan kuɗinsa ya haura.

| Ma'auni | Kwal | Mai | Iskar gas | Nukiliya |
|---|---|---|---|---|
| Kabon (giram a kilowat-awa) | 820 | kimanin 700 | 490 | 12 |
| Mutuwa (a terawat-awa) | kimanin 25 | kimanin 18 | kimanin 3 | kimanin 0.03 |
| Kuɗin gini | babba | ƙarami | ƙarami | babba ƙwarai |
| Kuɗin makamashi | matsakaici | babba ƙwarai | babba, mai hawa da sauka | ƙarami |
| Lokacin gini | shekara 4 zuwa 6 | watanni zuwa shekara 2 | shekara 2 zuwa 3 | shekara 7 zuwa fiye da 15 |
| Ƙarko | shekara 40 zuwa 50 | shekara 20 zuwa 30 | kimanin shekara 30 | shekara 60 zuwa 80 |
| Babbar shara | toka mai guba, mai yawa | malalar mai | yoyon metan | ragowar yuraniyom, kaɗan, mai daɗewa |

Abin da jadawalin bai nuna ba

Kuɗin ruwa ne yake yanke hukunci a kan nukiliya. Bashin da ake biya wa kashi 10 cikin 100 a shekara yana ninkawa cikin shekara 7, wanda ake biya wa kashi 3 kuma sai ya yi shekara 24. Tun da tashar nukiliya takan shekara goma tana cin bashi kafin ta sayar da wuta, tasha iri ɗaya tana iya zama mai arha a ƙasar da ake ba rance cikin sauƙi, ta zama dutse a wuyan ƙasar da masu ba da rance ke ɗari-ɗari da ita. Masar da Turkiyya da Bangladesh sun bi ta hannun kamfanin Rosatom na Rasha, wanda ke zuwa da gini da kuɗi da makamashi gaba ɗaya, kuma wannan dogaro ne na shekaru masu yawa da ya kamata a auna shi kamar yadda ake auna dogaro da bututun gas na wata ƙasa. Girman layin wuta ma sharaɗi ne: ƙa'idar da aka saba ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa, don kada tsayawarta ta jefa kowa cikin duhu, ke nan tukunyar megawat 1,000 tana son layi mai ɗaukar wajen 10,000. Sai hukumar sa ido mai cin gashin kanta, wadda za ta iya cewa a kashe tasha ko da gwamnati ba ta so. Kama tashar Zaporizhzhia ta Yukren da sojojin Rasha suka yi a Maris 2022 ya ƙara tambayar zaman lafiya a kan jerin.

Wanne ya dace da wa

Ƙasar da take da babban layin wuta mai ƙarfi, da rance mai sauƙi, da hukumomin da ake jin maganarsu, kuma tana shirin shekara 60 masu zuwa, nukiliya ce ta fi dacewa ta zama ginshiƙinta, da sharaɗin ta zaɓi ƙirar da aka riga aka gina a wani wuri ta maimaita ta. Wadda take da tashoshin nukiliya masu lafiya tun da, tsawaita rayuwarsu yana cikin hanyoyi mafi arha na samun wuta marar hayaƙi, kuma rufe su kafin a rufe na kwal kuskure ne.

Ƙasar da take cikin ƙarancin wuta yanzu, layinta ƙarami, bashinta mai tsada, gas ne zai fi yi mata amfani, musamman idan tana da shi a gida, tare da doka mai tsauri a kan yoyon metan da ƙona gas a banza, kuma a gina tashoshin da nufin su riƙa cike giɓin hasken rana da iska. Idan shigo da gas ɗin za ta yi da kuɗin waje, ta lissafa shekara irin 2022 a cikin kasafinta tun kafin ta sa hannu.

Wadda ta riga ta dogara da kwal, abin da ya fi gaggawa shi ne na'urorin wanke hayaƙi, da gyara tafkunan toka, da jadawalin rufe tsofaffin tashoshin da ke kusa da birane tare da tanadin sana'a ga mahaƙa. Gina sabuwar tashar kwal yau yana nufin hayaƙi har bayan 2060, ga kuma bankunan duniya da yawa sun daina ba da rance a kansa. Mai kuma a bar shi ga tsibirai, da wuraren da layi bai kai ba, da injinan ko-ta-kwana na asibitoci da filayen jiragen sama.